Tatsuniya da Rana

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki idan suka buɗe wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da karin magana, suka tarar wani ya zo musu da zancen wurin wasan yara na ƙasar Faransa. Ina roƙon a yi haƙuri a ji uzurina. Wata uku ke nan ina shirin wata ziyara ta yini ɗaya tak, kuma shirin nan ya tona mini asiri game da karatun da nake yi a Sashen nan fiye da yadda wata jarrabawa ta taɓa tona mini.

Ga yadda abin ya faro. Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai ta Faransa shekara tara da suka wuce. Suna zaune da maigidanta a Nanterre, wani gari da ke jingine da birnin Paris ta yamma. 'Yarsu ta fari shekararta bakwai, sunan Innarmu aka sa mata, saboda haka ba mai kama sunanta a gidanmu, sai dai a ce Ummi. Bana Allah ya ƙara musu haihuwa, sai Yaya ta ce in zo in ga jariri a hutun da za mu samu cikin watan Agusta, su za su biya kuɗin jirgi. Ta ƙara da cewa akwai aikin da zan yi mata. Shekara biyu ke nan suna yi wa Ummi alkawarin kai ta Disneyland, 'yan ajinsu sun ishe ta da labarin wurin, ga shi uban ba ya samun sukuni, ita kuwa ga ɗanyen goyo. Ta ce, “Kai ne kawunta, kai za ka kai ta.”

Na amsa da sauri kamar wanda aka ce ya raka yaro kasuwar ƙauye. Iyakar abin da na sani na wurin wasa shi ne Gidan Zu na Kano, inda akan kai mu yawon Salla muna yara, mu ga zaki yana barci, mu hau lilo, mu sha rake mu dawo. Na ɗauka wancan ma haka yake, sai dai ya fi girma da tsabta.

Da na je gida na gaya wa Inna, ba ta yi murnar da na zata ba. Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ce kome ba, can sai ta ce, “Takwarar nan tawa ba ta jin maganata. In an ba ta waya sai ta ce mini ina kwana, ko da tsakar dare ne, daga nan sai shiru, sai in ji uwar tana yi mata tafinta. Kai da aka ce Hausar kake karantawa a jami'a, in ba ka buɗe mata baki ba, wa zai buɗe?” Watau aike biyu ke nan a kaina, na Yaya da na Inna. Kwana goma sha biyu zan yi a can, amma gidan haihuwa ba ya rabo da 'yan barka, yarinyar kuma ba ta san ni ba sai a waya. Yinin nan ɗaya shi kaɗai ne za mu kasance ni da ita, ba uwa ba uba, ba mai tafinta.

Sai na shiga neman labarin wurin. Abu na farko da na gane shi ne ashe ba a cikin Paris yake ba. Yana can gabas da birnin, tafiyar kilomita 32, a wani yanki da ake kira Marne-la-Vallée, inda a da gonaki ne zalla. Ran 12 ga Afrilu, 1992 aka buɗe shi da sunan Euro Disney, a 1994 aka sake masa suna ya koma Disneyland Paris. Shi ne na huɗu a jerin irinsa. Na farko Walt Disney da kansa ya buɗe shi a Kalifoniya ta Amurka a 1955, sai na Fulorida a 1971, bayan mutuwarsa da shekara biyar, sa'an nan na Tokyo a 1983. Abu na biyu, ba fili ɗaya ba ne mai lilo biyar ko shida. Gari ne sukutum, da tashar jirgin ƙasa, da otal-otal, da kasuwa, da dandalin wasa guda biyu, kowanne da ƙofarsa: tsohon na 1992, da wani da aka ƙara a 2002. Mutane sukan kama ɗaki su kwana biyu ko uku, har ma akan bar masu kwana a otal ɗin kamfanin su riga sauran jama'a shiga da safe. Mu kuwa yini ɗaya gare mu, daga gida za mu taso, gida za mu koma.

Na samo taswirar tsohon dandalin a intanet, na kai shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta aka buga mini, na manna ta a bango inda jadawalin lacca yake. Abokin ɗakina ya ce tun da muke bai taɓa ganin na tsura wa bishiyar li'irabi ido kamar yadda nake tsura wa takardar nan ba. Da mutum ya shiga ƙofa sai ya faɗa wani titi da aka gina da kamannin ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, shaguna dama da hagu. Titin ya miƙe har gaban wata fada mai dogayen hasumiyoyi, ita ce cibiyar wurin. Daga nan hanyoyi suka rabu zuwa unguwanni huɗu: ta kaboyi da masu haƙar zinariya, ta 'yan fashin teku da kasuwar Larabawa, ta tatsuniyoyi, da ta ƙere-ƙere da tafiya sararin sama. Tsarin bai yi mini baƙunci ba. Fada a tsakiya, unguwanni kewaye da ita, wanda ya ruɗe ya ɗaga kai ya nemi hasumiya.

Hanyar zuwa ta zo da sauƙi, amma da tarko a cikinta. Jirgin ƙasan da ake kira RER A ya bi ta Nanterre, ya ratsa ƙarƙashin Paris, ya je ya ƙare a bakin ƙofar dandalin, tafiyar wajen awa guda. Sai dai bayan Vincennes layin ya rabu biyu, wanda ya shiga jirgin da ba shi ba zai tsinci kansa a Boissy-Saint-Léger, wasu jiragen kuma a Torcy suke tsayawa su juyo. Dole mutum ya duba allo ya ga an rubuta Marne-la-Vallée Chessy kafin ya sa ƙafa. Na rubuta sunan nan a bayan littafina na ilimin furuci, ina ta maimaita shi, ban kuwa tabbata Bafaranshe zai gane abin da nake faɗa ba.

Tikitin shiga kuma na rana ne takamaimai, tun daga gida ake saye, kuɗinsa yana hawa yana sauka gwargwadon cikar da ake zato a ranar. Yaro daga shekara 3 zuwa 11 da nasa farashin. Ga shi makarantun Faransa suna babban hutu a Yuli da Agusta, watau a tsakiyar cunkoso za mu je, ba yadda za mu yi. Iyakar dabarata ita ce na guje wa Asabar da Lahadi na zaɓi Talata. Akwai tikitin dandali ɗaya, akwai na biyun duka. Na kwana uku ina jujjuya wannan, zuciya tana ce mini wa ya san ran da zan sake zuwa, daga baya na tuna ba a tauna taura biyu. Muka tsaya a kan tsohon, mai fada.

Ba zan tsawaita a kan maganar biza ba, kowa ya san ɗawainiyarta. Maigidan Yaya ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar shaidar cewa shi zai saukar da ni, ya aiko. Na yi inshorar lafiya wadda dole ta kai ta yuro 30,000. Na tafi Abuja na ba da fasfo, aka ɗauki hoton yatsuna, na biya kuɗin biza, wanda tun watan Yuni na 2024 ya koma yuro 90, kuma ba a mayarwa in an hana. A lokacin da nake wannan rubutu fasfon bai dawo ba. Duk abin da mai karatu zai ji daga nan, shiri ne na mutumin da bai san ko za a bar shi ya tafi ba.

Akwai abin da ya faranta mini rai, ko da yake da kunya nake faɗarsa. Wasu abubuwan hawan ba a barin yaro ya hau sai tsawonsa ya kai wani ma'auni. Jirgin masu haƙar zinariya, Big Thunder Mountain, mai hawa da gangara a kan wani tsibiri, mita 1.02 ake nema. Wanda ake harba mutum sama cikin duhu, wanda aka buɗe a 1995 bisa labarin tafiya duniyar wata na Jules Verne, mita 1.20. Na Indiana Jones, mai kifar da mutum ƙafa a sama, mita 1.40. Na ce Yaya ta tsayar da Ummi a jikin ƙofa ta auna ta. Ta ce mita 1.18. An ce yarinyar ta yi kuka. Ni kuwa da na kalli hoton yadda ake harba mutanen nan, sai na yi hamdala a ɓoye, domin santimita biyun nan sun rufa wa kawu asiri.

To, yanzu sai lissafin da ya hana ni barci. Kamfanin yana da manhaja ta waya da ke nuna tsawon jiran kowane abin hawa a kowane lokaci. Na yi mako biyu ina buɗe ta kullum da rana, kamar mai duba farashin hatsi. Abin da na lura shi ne, abubuwan da yara suka fi so su ne masu dogon layi. Na Peter Pan, inda ake shiga wani ɗan jirgin ruwa a tashi sama a ratsa birnin Landan da dare, hawansa bai wuce minti uku ba, amma sau da yawa sai in ga jiran ya kai awa guda. Na ɗauki alƙalami. Galibi da tara da rabi na safe ake buɗewa. Yaya ta ce kada mu wuce ƙarfe goma na dare a waje, watau takwas da rabi mu kama hanya. Awa goma sha ɗaya ke nan. Na cire awa uku na cin abinci da salla da kewayawa da tafiya daga wannan unguwa zuwa waccan, saura takwas. Na ƙiyasta minti arba'in na jira da minti biyar na hawa ga kowane abu. Sai ga shi abu goma za mu samu, hawansu duka bai cika awa guda ba, kusan awa bakwai kuwa a tsaye za mu yi su, muna kallon ƙeyar na gabanmu.

Raina ya ɓaci. Na ce ashe abin da ake sayarwa ke nan, tsayuwa? A da akwai wata takarda ta kyauta da ke ba mutum lokacin da zai dawo ya shiga ba jira, amma a 2021 aka maye gurbinta da ta kuɗi, mai suna Premier Access: ka biya ƙari, ka bi ta gajeren layi. Na gaya wa maigidan Yaya lissafina, shi kuwa mutum ne mai sakin hannu, ya ce, “Malam, kada wannan ya dame ka, zan ƙara muku abin da za ku tsallake layi uku ko huɗu.” Na yi godiya, na ce ya bar ni in yi tunani.

Abin da ya sa ban karɓa nan take ba, a daren nan ina duba taswira sai na lura da wani abu da ya kamata ɗalibin adabi ya gani tun ranar farko. Yawancin gine-ginen wurin nan tatsuniyoyi ne aka mayar bulo da siminti. Fadar da ke tsakiya ta gimbiyar nan ce da ta yi barcin shekara ɗari, labarin da Charles Perrault ya buga a Paris a 1697. Akwai gidan yarinyar da ta fake wurin wadanni bakwai, daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, suka fara bugawa a 1812. A kasuwar Larabawa akwai lungun Aladdin. Shi wannan labari ma abin mamaki gare shi, domin ba ya cikin rubutun Larabci na Dare Dubu da Ɗaya da Antoine Galland ya fassara. Wani saurayi mutumin Halab ta ƙasar Sham, Hanna Diyab, shi ya kawo wa Galland shi a Paris a 1709, tare da na Ali Baba. Watau labarin ya tashi daga Paris, ya zaga duniya, Amurkawa suka yi fim da shi a 1992, ya komo bayan garin da ya tashi, an yi masa ƙofa ana karɓar kuɗi. Ba abin mamaki ba ne da wasu masanan Faransa suka tayar da jijiyar wuya lokacin da ake gina wurin, har wata mai shirya wasan kwaikwayo, Ariane Mnouchkine, ta kwatanta shi da bala'in Chernobyl.

Mu a Sashen nan wannan rijiya ba baƙuwarmu ba ce. A 1937 Walt Disney ya fitar da fim ɗinsa na yarinya da wadanni bakwai, a 1937 ɗin kuma aka fara buga Magana Jari Ce. Mun karanta yadda Dokta East ya tara wa Alhaji Abubakar Imam littattafai a Zariya, har da na su Grimm da Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗebo daga cikinsu ya sa musu riga da hula, har yaron Katsina ya karanta ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Guga biyu ne a rijiya ɗaya. Imam ya zuba nasa ruwan a harshe, Disney ya zuba nasa a hoto, daga baya a gini. Ba na cikin masu raina aikin na biyun. Wanda ya iya sa baƙin ƙarfe ya yi numfashi ya cancanci a jinjina masa. A ƙarƙashin fadar nan akwai kogo, a cikinsa an ɗaure wani ƙaton dodo mai fikafikai, yana barci, can sai ya ɗaga kai ya yi gurnani, hayaƙi na fita daga bakinsa. Amma da bambanci, kuma bambancin ne ya tsaya mini a rai. Lokacin da kakarmu take ba mu labarin Dodo, mu bakwai a kan tabarma, Dodo bakwai ne a tsakar gidan, kowa da wanda ya ƙera a kansa. Nawa yana da ido ɗaya da warin tsohuwar rijiya. A can kuwa an ƙera shi sau ɗaya domin kowa. Tsorona shi ne, yarinyar da ta ga Dodo mai hayaƙi da idonta, anya za ta saurari Dodon baka?

Daga nan ne na juya lissafina. Awa bakwai ɗin nan da nake neman kuɗin kashe su, ai su ne kaɗai lokacin da Ummi ba ta da wurin zuwa, ba talabijin, ba ƙawa, hannunta cikin nawa. In akwai dandalin da zan isar da aiken Inna, to layin nan ne. Shi kansa Disney ya sha faɗin cewa tunanin gina wurin ya zo masa ne yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu suna kan lilon dawaki, yana ganin ya kamata a sami wurin da babba da yaro za su ji daɗi tare. Ban sani ba ko ya yi nufin layi ya zama wurin, amma ni a nan na ga nawa rabon.

Sai na ce bari in gwada kaina tun a gida. Na tara 'ya'yan maƙwabta su biyar a ƙofar gidan da muke haya, bayan sallar Isha'i, na ce zan ba su labarin Gizo da hankaki. Jama'a, a nan asirin ya tonu. Ni ne na ci kwas ɗin adabin baka da maki mai kyau. Zan iya jero muku ire-iren tatsuniya, da jigo, da zubi da tsari, da taurari. Na san Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, na karanta Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Amma da na kai inda hankaki suka ƙwace gashin da suka ara wa Gizo, suka bar shi a kan ɓaure a tsakiyar kogi saboda haɗamarsa, sai na nemi sauran labarin na rasa. Na fara kame-kame. Kafin in farga har na shiga bayyana musu darasin da ke cikin labarin. Suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramarsu, wadda kunya ta hana ta tashi, ta dube ni ta ce, “Malam, an gama?” Ba na ɗora wa kowa laifi. Malamanmu sun koya mana yadda ake feɗe tatsuniya, ni ne na ɗauka wanda ya iya fiɗa ya iya kiwo.

Ran Juma'a na hau mota na tafi gida. Na iske Inna da hantsi, na ce ta ba ni labarin Gizo da hankaki daga farko har ƙarshe, na fito da waya zan ɗauki muryarta. Ta dube ni kamar na zo da wani saɓo. Ta ce, “Da rana tsaka? So kake in ɓata a kasuwa?” Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Haka na zauna har aka yi Isha'i, aka ci tuwo, jikokinta na gida suka taru, sa'an nan ta gyara zama. Abin da na gani a daren nan ba ya cikin littafin da na karanta. Ba ta sauri. In ta zo wurin Gizo sai ta murɗe harshe ta yi tsamin bakinsa, yara su faɗi don dariya tun bai yi kome ba. In ta zo wurin waƙa sai ta tsaya, ba ta ci gaba sai kowa ya amsa. Ta kai shi har gidan kada, inda ya ce shi ɗan'uwansu ne, suka saukar da shi a ɗakin ƙwai, ya bi dare yana cinyewa. Labarin da na taƙaita a layi huɗu a takardar jarrabawa, ita ta yi kusan rabin awa a kansa. Rabin awa kuwa ya kusa tsawon layi guda.

Kwana uku na yi, na dawo da tatsuniya shida a kaina, ba a waya ba. Na raba su a kan taswira. A layin Peter Pan, tun da tashi sama za mu yi, Gizo da aron gashin hankaki. Kafin mu gangara kogon dodo, Auta da Dodo, domin nawa ya riga nasu shiga kanta. A layin ɗan jirgin ruwan da ke ratsa ƙananan gidajen tatsuniyoyi, 'yar bora da 'yar mowa, wadda za ta ga ta yi kama da ta yarinyar nan mai takalmin gilashi da ta riga ta sani. Ta-kitse na ajiye ta sai zafin azahar, lokacin da mu ma muke narkewa. Na yi niyyar in fara da Gizo ne saboda wani dalili. Hausar Ummi a karkace take fita, kuma Yaya ta ce abin da ke sa ta yin shiru ke nan, tana tsoron a yi mata dariya. Ina so ta ji cewa babban tauraron tatsuniyarmu ma bakinsa a karkace yake, kuma ba wanda ya taɓa hana shi magana. Ita kuma da nata aikin. Faransancina na sakandare ne, ya daɗe da tsatsa, saboda haka ita za ta karanta mini allo, ita za ta tambayi hanya, ita za ta sayo mana ruwa. Kowa ya zama tafintan wani.

Sauran shirin ƙanana ne. Yaya za ta ɗaura mana guzuri, tun da an yarda mutum ya shiga da ɗan abincinsa a jaka. Zan naɗe 'yar darduma, azahar a can sai wajen ƙarfe biyu take yi a wannan lokaci. Takalmi mara matsi, hular rana, rigar ruwa. Na gaya wa maigidan Yaya ya ba mu kuɗin tsallake layi ɗaya kawai, in riƙe a aljihu saboda lokacin da yarinya za ta gaji da ni da Gizo baki ɗaya, abin da na san yana iya faruwa tun kafin sha biyu.

Saura matsala ɗaya, ita ce ta sa na sake komawa wurin Inna. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen tara da rabi na dare. Wasan wutar da ake yi a kan fadar ma sai duhu ya yi sosai, mu kuwa lokacin muna gida, na riga na haƙura da shi. Amma abin ya wuce wasan wuta. A ƙasar nan, a wannan watan, kafin dare ya yi Ummi ta yi barci. Ba daren da zan jira kamar yadda Inna ta sa na jira. Tatsuniyoyin nan shida duk da rana tsaka zan yi su, kuma a tsakiyar wata kasuwa da ta fi kowace kasuwa da na taɓa shiga cika. Na san abin da za mu rubuta a jarrabawa, cewa camfi ne da magabata suka kafa don kada yara su bar aiki su zauna hira. Na rubuta haka, an ba ni maki. Amma ɗiyar mutane ce za a damƙa mini a garin da ban san kowa ba. Na duba taswira na ga inda ake kai yaran da suka ɓata, can ƙarshen babban titin, na zagaye wurin da jan biro. Na rubuta lambar wayar uwarta a kati biyu, ɗaya na aljihunta, ɗaya na cikin takalminta.

Na zayyana wa Inna duk wannan, har da maganar ranar da ba ta faɗuwa. Ta ce, “Ikon Allah, su kuma haka aka yi su?” Ta yi shiru. Na ce, “To Inna, in yi ko in bari?” Ta ce, “Ka yi mana. Ka dai riƙe hannunta da kyau. In kun ɓata ku ɓata tare.”

Shekaranjiya Yaya ta bugo, na ce ta ba ni Ummi. Bayan ta ce mini ina kwana, da la'asar sakaliya, na ce mata in na faɗi wata magana, ita kuma ta ce, “Ta zo mu ji ta.” Muka maimaita sau uku. Sa'an nan na gyara murya na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ta amsa daidai, sai dai ta ja wasalin ƙarshe ya yi tsawo. Daga nan na ji ta juya tana yi wa uwarta magana da Faransanci, Yaya ta fashe da dariya. Na ce me ta ce? Ta ce tambaya take yi, wai wace ce wannan da za ta zo, kuma ita ma an saya mata tikiti? Na ce a gaya mata sai mun shiga layi za ta gan ta. Fasfo dai har yau shiru, gobe zan sake dubawa.